Cinikin Kan Dodo a Kasuwar Ruwan-Ɗinya

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso daga kasuwa da kaya niƙi-niƙi.

Ta sauke a nan mu ji ta.

To, ku gyara zama.

Wani gari ne ana ce da shi Ruwan-Ɗinya. Mutanen garin ba su da mugunta, ba su da rowa, amma suna da hali guda: ba sa sayen abu sai sun kushe shi. Mutum zai ga tunkiya mai ƙiba, ransa ya biya, amma abin da zai fito daga bakinsa shi ne, "Wannan ƙiba ce ko kumburi?" Ko ruwa ɗan Ruwan-Ɗinya zai saya, sai ya kurɓa ya ce ya cika jiƙa. Ba don cuta suke yi ba, haka suka tarar iyayensu na yi. Mai saye ya kushe, mai kaya ya ce albarka, a ja, a ja, har mai kaya ya ce ya sallama. In ya faɗi wannan kalma kuwa, magana ta ƙare. Ko Sarki bai isa ya tayar da cinikin ba.

A kasuwar garin akwai wata dillaliya mai suna Tabawa. Tana shimfiɗa tabarmarta a gindin ɗinya, ta jera tsofaffin tasoshi, da zannuwan da suka sha wanki, da wani madubi mai tsaga da ya daɗe bai sami mai so ba. Abin alfaharin Tabawa ɗaya ne: ba ta taɓa mayar da kaya ba. Duk abin da aka kawo mata, tun kafin ta buɗe sai ta ce, "Na karɓa, a ajiye."

A mashigin rafin da ke hanyar garin kuwa akwai wani Dodo. Ya ci awaki, ya ci shanu, wata shekara ya ci ayarin fatake guda, da jakunansu da mangalolinsu. Tun daga nan, aka ce, halin fatake ya shiga jininsa. In ya kama mutum ba ya cin sa nan da nan. Sai ya juya shi, ya latsa haƙarƙarinsa, ya ce, "Duk ƙashi ne, ba nama," sannan ya haɗiye.

Ana nan, ana nan, sai maza uku suka je suka kashe shi. Jatau maharbi ya ɗirka masa kibiya. Ƙosau ɗan tauri ya bi shi da barandami ya daddatsa. Mantau maroƙi kuma yana can ƙololuwar kanya yana kaɗa kalangu. Da Dodo ya faɗi, sai rigima ta tashi.

Jatau ya ce, "Kibiyata ce ta kashe shi, babban kaso nawa ne."

Ƙosau ya ce, "Kibiyarka susa ta yi masa. Ni na raba shi gida biyar."

Mantau ya sauko yana karkaɗe riga ya ce, "Ba don kiɗana ba, da tun a hanya kun juya."

Suka ga ba a raba Dodo sai an san darajarsa, ba a kuma sanin daraja sai a kasuwa. Suka ɗura shi a buhuna, suka ɗora a jakuna, ranar kasuwa suka nufi gindin ɗinya.

Ranar da safe Tabawa ta sayi daddawa dunƙule biyu, bayan ta gaya wa mai ita cewa ƙamshinta ya gudu. Ta ƙulle a bakin zaninta, ranta na kan miyar kukar da za ta kaɗa da yamma. Tana zama sai ga maza uku da buhuna.

Jatau ya ce, "Gwaggo Tabawa, mun kawo kaya."

Ta ce, "Na karɓa, a ajiye."

Mantau ya ce, "Gwaggo, da kin duba tukuna."

Ta ce, "Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake dillanci. A zazzage."

Aka zazzage. Ga ƙafafu biyu kamar kututturan giginya. Ga gangar jiki kamar rumbu. Ga hannuwa masu farata. Ga wutsiya. Ga kai, ya mirgino ya tsaya daidai tsakanin tasoshi da madubi. Tabawa ta yunƙura za ta tashi, sai wutsiyar ta sulalo ta naɗe mata ƙafa, kamar an ɗaure akuya a turke. Kan ya buɗe ido ɗaya.

Ya ce, "Sannu da kasuwa, dillaliya."

Tabawa ta ce, "Yauwa, ranka ya daɗe," don ba ta san me ake ce wa kan da ya gaishe da mutum ba.

Kan ya ce, "Ni fa ban gama mutuwa ba. Tun da na ci fataken nan, komai nawa sai da ciniki, har mutuwa. In aka yi mini tayin mutunci, na ce na sallama da bakina, shi ke nan, in ƙarasa mutuwata kowa ya huta. In aka kushe ni, gaɓar da aka kushe ta tashi. In kuma kasuwa ta watse ba wanda ya taya, wannan ya fi kowane kushe ciwo, duka zan tashi. Da na haɗu, da ke zan karya kumallo, tunda ke kika shimfiɗa ni kusa da tsofaffin tasoshi."

Tabawa ta dubi maza uku. Maza uku suka dubi sama.

A ranta ta ce, abin ai da sauƙi, mutum ɗaya kawai ake nema wanda zai yabi kaya ya taya. Sai kuma ta tuna a wane gari take.

Na farko da ya zo shi ne Nomau magini. Yana gina wa wani attajiri zaure, yana neman ginshiƙi. Tun daga nesa ya hango ƙafafun nan, zuciyarsa ta ce ya samu. Kafin Tabawa ta buɗe baki, ya iso, ya sa ƙafa ya ture ɗaya.

Ya ce, "Tabawa, waɗannan karkatattun fa? Ai gwame gare su. Dubi faso, kamar fadamar da ta shekara ba ruwa. Duk wanda ya ɗora rufi a kan wannan, ya kwana a waje. In ba ki ƙyanƙyasar kaza ɗaya, don zumunci."

Tabawa ta ce, "Malam Nomau, don Allah..."

Ina! Kan Dodo ya riga ya buɗe ido biyu. Ya daka tsawa:

"Albarka, mai saye, albarka!
Ba a bola aka tsince ni ba.
Ƙafafuna, ku tashi tsaye!"

Ƙafafu suka miƙe zumbur. Suka tsaya ƙiƙam, ba ciki, ba kai, suna motsa 'yan yatsu. Ɗaya ta juya ta nuna wa Nomau diddige, wai ya sake duba fason. Nomau bai tsaya dubawa ba. Ya bar takalmansa a nan.

Jatau maharbi ya shafa kwarinsa ya ce, "Af! Na bar tarko a daji, kada kura ta riga ni." Ya tafi.

Labari ya bazu. Masu rumfuna suka hau kan rumfunansu, masu talla suka hau bishiyoyi. Ba wanda ya koma gida, don ɗan Ruwan-Ɗinya ba ya barin ciniki bai ga ƙarshensa ba. Sarkin Kasuwa da kansa ya hau reshen ɗinya, daidai saman kan Tabawa, ya ce daga nan ya fi ganin gaskiya.

Tabawa ta ɗaga kai ta ce, "Sarkin Kasuwa, a kira mini Cindo baduku. A gaya masa komai tun a hanya, kada ya zo da bakin kushen nan na gado."

Aka kira Cindo. Ya zo yana gumi. Tabawa ta jawo shi kusa ta ce, "Cindo, ni na sayar wa uwarka tukunyar da aka dafa ruwan wankanka. Yau rana ɗaya nake roƙo. Ka dubi fatar gangar jikin nan, ka yaba, ka taya da tsada. Yabo kawai. Ka iya?"

Cindo ya ce, "Haba Inna, yabo kuma wani aiki ne?"

Ya durƙusa gaban gangar jiki. Ya shafa fata. Fata ce kuwa ta gani ta faɗa, za ta yi sirdi, ta yi taiki, ta yi takalman gari guda. Cindo ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa.

Ya ce, "Fatar nan... tana da... faɗi."

Tabawa ta ce, "Madalla! Ci gaba."

Ya ce, "Tana da kauri." Jijiyar wuyansa ta tashi.

Kan Dodo ya lumshe ido ya ce, "Yaron nan ya san kaya."

Cindo ya ce, "Tana da sheƙi. Ban taɓa ganin irinta ba. Na saya tumaki biyar."

Wata tsohuwa a kan rumfa ta toshe kunnen jikarta, don ba ta taɓa jin an yi wa kaya irin wannan magana a bainar jama'a ba. Kan Dodo ya ce, "Tumaki biyar. Hmm. Da dai an ɗan ƙara."

Cindo ya juya gangar jikin don ya ga abin da zai ƙara a kai. Sai ya ga wani ɗan tabo a bayan kafaɗa, bai fi ƙwayar gero ba. Ya kau da kai. Idonsa ya koma. Ya cije leɓe. Tabawa ta girgiza masa kai. Ya cije harshe. Hawaye suka zubo masa.

Ya ce, "Inna, ki yafe ni." Sannan ya fashe: "A ƙara me? Ga ƙazuwa nan ta cinye baya! Fatar ma wari take, in an jeme ta rabi zai zube! Tumaki biyar? Ko bunsuru mai tari ya yi mata yawa!"

Ya faɗi haka ya yi ajiyar zuciya, kamar wanda aka cire wa ƙaya.

Kan Dodo ya daka tsawa:

"Albarka, mai saye, albarka!
Ba a bola aka tsince ni ba.
Gangar jikina, hau ki zauna!"

Gangar jiki ta yi tsalle tim, ta hau kan ƙafafu. Ta zauna a baibai, cibiya na kallon baya. Ƙafafu suka yi ta juyi har ta daidaita. Cikin ya yi ƙugi ƙululu, kowa a kasuwa ya ji, Tabawa ta fi kowa ji.

Ƙosau ɗan tauri ya dubi barandaminsa ya ce, "Kai, wannan ya dakushe. Bari in kai wa maƙeri, yanzu zan dawo." Ya bi hanyar da ba maƙeri a cikinta.

Saura hannuwa, saura kai. Rana ta karkata.

Tabawa ta sake shawara. Ta ce a ranta, laifin baki ne. To, a kawo mai saye a hana shi magana. Ta ɗaga kai ta ce, "Sarkin Kasuwa, a kira mini Boka Arzika. Ya daɗe yana neman farcen Dodo don haɗin maganinsa. A ce ya zo da bijimin nan nasa, kada ya ce uffan. Ya nuna kaya, ya nuna sa, shi ke nan."

Aka kira Boka Arzika. Ya zo janye da bijimi fari tas, mai tozo kamar tulu. Ya rantse da hannu cewa ba zai yi magana ba. Ya nuna hannuwan Dodo, ya nuna bijimi, ya sunkuyar da kai.

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ga taya. Bijimi sukutum, don hannuwa kawai. Mai sayen ma kwarjininka ya hana shi magana."

Kan Dodo ya dubi bijimi. Ya dubi jama'a a kan rumfuna. Ya yi murmushi, haƙora suka bayyana har na ƙurya.

Ya ce, "To, yanzu aka zo wurin. Bijimi. Ba laifi. Ba don halinku ba, sai don mutuncin wannan bawan Allah mai kunya. Na salla..."

Boka Arzika ya ga ciniki ya faɗa, sai ya ɗauki hannu ɗaya ya fara duba abin da ya saya. Farce na fari lafiya. Na biyu lafiya. Na uku ya ɗan tsage a baki.

Bai yi magana ba. Wallahi bai yi magana ba. Tsaki kawai ya ja.

"Mtssss."

Tsakin nan ya ratsa kasuwa tun daga 'yan gishiri har 'yan tumaki. Sarkin Kasuwa ya dafe kai, saura kaɗan ya faɗo.

Kan Dodo ya ce, "Me na ji?"

Tabawa ta ce, "Bijimin ne, ranka ya daɗe. Haka yake yi in ya ƙoshi."

Kan ya ce, "Na ci shanu sun fi gashin kanki, ban taɓa jin wanda ya yi tsaki ba." Ya daka tsawa:

"Albarka, mai saye, albarka!
Ba a bola aka tsince ni ba.
Hannuwana, ku koma mazauninku!"

Hannuwa suka yi fir, suka manne a kafaɗu. Suka yi miƙa, suka ƙwanƙwasa 'yan yatsu. Boka Arzika ya haye bijiminsa, bijimi ya san hanya. Mantau maroƙi bai nemi dalili ba, ya koma sana'arsa, ya hau bishiya.

Ga Dodo tsaye, ƙafafu, ciki, hannuwa, ba kai. Ga kai a tabarma yana lasar baki. Ga Tabawa da wutsiya a ƙafa.

Kan ya ce, "Dillaliya, duk garin nan ba mai iya tayin mutunci, kin gani da idonki. Ba sai mun jira kasuwa ta watse ba. Hannuwana, ku ɗauko ni."

Hannuwa suka sunkuyo. Tabawa tana kallon faratan nan suna matsowa. Ta tuna abin da ake faɗa, cewa Dodon nan ba ya cin mutum sai ya latsa shi ya ce duk ƙashi ne. Sai ta ɗaga muciyar da ke cikin kayanta, ta ƙwale hannun dama.

Ta ce, "A'a. Ba a ɗaukar kaya a tabarmata sai da ciniki."

Kan ya ce, "Ke! Kaina ne fa."

Ta ce, "Ni ban san wannan ba. Maza uku suka kawo mini, na ce na karɓa, ya zama amana. Sauran gaɓoɓin an taya, an ce albarka, sun tashi bisa ƙa'ida. Wannan ba wanda ya taya. In hannun nan ya ɗauka, sunansa ɓarawon kasuwa. Sarkin Kasuwa, ƙarya na yi?"

Daga cikin ganye aka ce, "Gaskiyarki, Tabawa."

Cikin Dodo ya yi ƙugi. Fataken nan ne da ya ci, halinsu ya motsa. Su dai a ce da su komai, amma ban da ɓarayin kasuwa. Hannuwa suka ja da baya, suka ɓuya a bayan jiki don kunya.

Kan ya ce, "To, na ji. Ni zan saya. Akwai dukiyar fatake a cikina, sai in amayo. Nawa?"

Tabawa ta gyara ɗaurin kallabi. Ta ce, "Wannan kai? Kan da ya hana gari bakwai barci? Dubi goshi. Dubi haƙora kamar an jera garemani. Raƙuma ɗari da kayansu, ban rage ko akala ba."

Kan Dodo ya kumbura don daɗi. Ya ce, "Kun ji ko? Kun ji wadda ta san daraja! Raƙuma ɗari! Ai na ma fi..." Sai ya tsaya. Ya ƙifta ido. Ya ce, "Dakata. Wa zai biya?"

Ta ce, "Mai saye mana."

Ya ce, "Raƙuma ɗari? A kan wannan?"

Ta ce, "Kaya ne na gani na faɗa. Ga madubi, duba da kanka."

Ta jingina madubin nan mai tsaga a gabansa. Dodo bai taɓa ganin fuskarsa ba sai a ruwan rafi, shi ma in ya leƙa kifaye ke dama shi. Ya duba. Ya sa hannuwa suka juya shi hagu, suka juya shi dama, yadda ake juya kabewa.

Ya ce, "Haba dillaliya, ki ji tsoron Allah. Dubi kunnen nan, ɓera ya ci rabi."

Ta ce, "Albarka. Kunnen da ke jin tafiyar akuya daga hayin rafi?"

Ya ce, "Da can ke nan. Yanzu sai an yi ihu. Ga sanƙo. Ga tsaga tun daga goshi har haɓa."

Tsagar madubi ce, amma Tabawa ba ta ga dalilin gyara masa ba. Ta ce, "Ado ne. Raƙuma casa'in."

Ya ce, "Casa'in! Buɗe bakin ki gani. Hannuwana, ku buɗe mata. Kin ga turamen haƙoran nan? Duk tsutsa ta cinye. In ba ki jaki ɗaya."

Ta ce, "Albarka."

Ya ce, "Jakin ma na fasa. Hancin a karkace yake. Ido ɗaya na ruwa. Ƙwaƙwalwar ciki kuwa, ni na san ta, ba abin da ke ciki sai tunanin abinci."

Mutanen kan rumfuna suka fara gyaɗa kai. Wani ya ce, "Kai, wannan ya iya saye." Wata ta ce, "Ko kakana bai kai shi ba." Dodo ya ji ana yaba cinikinsa, sai ya ƙara zaƙewa. Ya kushe gira, ya kushe ƙeya, ya kushe harshen da yake kushewar da shi.

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, mai kayan nan ba zai yarda ba. Mutum ne mai ji da kansa."

Dodo ya ce, "Mai kayan bai san kasuwa ba! Wa zai sayi wannan ruɓaɓɓen ƙoƙo? Ni da nawa ne, ko daddawar nan da ke tashi a bakin zaninki aka miƙo mini, na sallama, har in yi godiya!"

Tabawa ta kwance bakin zani. Ta ɗauki daddawa dunƙule biyu, ta dube su kallon ban kwana, ta saka a tafin hannun Dodo. Hannun kuwa na fatake ne. Da ya ji an saka masa abu, sai ya damƙe.

Ta ce, "To, ai naka ne. Sarkin Kasuwa, ka ji abin da ya ce?"

Sarkin Kasuwa ya ce, "Na ji. Ya ce ya sallama."

Ta ce, "Jama'a, kun ji?"

Rumfuna da bishiyoyi suka amsa baki ɗaya, "Mun ji! Ya kuma karɓa!"

Kan Dodo ya dubi daddawar da ke hannunsa. Ya ce, "Ai wannan maganar ciniki ce. Kowa ya san ba a nufin..."

Sarkin Kasuwa ya ce, "A kasuwar nan, in mai kaya ya faɗe ta, ta faɗu."

Ƙafafu suka fara rawa. Hannuwa suka saki kafaɗu suka faɗo, tim, tim. Gangar jiki ta gangaro ta murƙushe tasoshi uku. Ƙafafu suka tsaya kaɗan, kamar masu neman wanda zai ce su zauna, sannan suka kife.

Saura wutsiya, tana nan naɗe a ƙafar Tabawa. Idon Dodo ya fara lumshewa.

Tabawa ta ce, "Tsaya, malam, kada ka mutu tukuna. Na sayi kaya, ina gyarata?"

Dodo ya buɗe ido da ƙyar. Ya ce, "Kai na Dodo guda a daddawa biyu, har da gyara?"

Ta ce, "Haka aka saba."

Ya yi nishi ya ce, "Ɗauki wutsiyar. Allah ya sa kada ki ga amfaninta."

Wutsiya ta warware ta faɗi. Dodo ya ƙarasa mutuwarsa.

Kafin ƙura ta kwanta, sai ga Nomau ya dawo neman takalmansa, ga Cindo, ga Boka Arzika a kan bijimi. Suka tambaya, "Ya mutu da gaske?" Aka ce ya mutu. Cindo ya matsa a hankali ya ce wa gangar jiki, "Mai ƙazuwa." Ba abin da ya motsa. Sai murna ta ɓarke. Jama'a suka sauko, kowa ya zo ya kushe abin da ya samu, har wanda ba shi da niyyar saye. Nomau ya sayi ƙafafu yana cewa ba za su kai damina ba. Cindo ya sayi fata yana toshe hanci. Boka Arzika ya sayi hannuwa, ya yi ta fama ya buɗe na dama ya kasa, don haka har ya tsufa maganinsa warin daddawa yake.

Maza uku ma suka dawo, kowa da labarin abin da ya tsare shi. Aka tara musu abin da aka samu, kaji da tumaki da ɗan maraƙi. Jatau ya ce maraƙin nasa ne. Ƙosau ya ce nasa ne. Mantau ya ce ba don ya hau bishiya ya ba Gwaggo fili ba, da dabarar ba ta zo mata ba. Suka juyo wurin Tabawa don ta yi musu kuɗin maraƙin.

Jatau ya ce, "Gwaggo, mun kawo..."

Ta ce, "Ban karɓa ba. Ku yi gaba."

Ta cire la'adarta, kaza ɗaya mai kwanci. Ta sa aka mirgina mata kan Dodo har gida, ta kafa shi a bayan ɗaki ya zama akurki, kaza na shiga ta baki tana leƙowa ta hanci. Wutsiyar ta ɗaure tsakanin ɗaki da rumbu tana shanya a kai.

Da yamma ta kaɗa miyar kukarta ba daddawa. Maƙwabciyarta ta shigo, ta ɗanɗana, ta ce, "Tabawa, miyar nan lami ce."

Tabawa ta ce, "Lami ce. Amma ni ke shan ta, ba ni aka sha ba. Miƙo tuwon."

Ƙurunƙus! Yau kan ɓera ya yi kaɗan, da kan Dodo muka rufe. Wanda ya ce ƙarya na shirga, ya je Ruwan-Ɗinya ya tambayi kazar.

Abin da za ku riƙe shi ne: bakin da ya saba rage darajar kayan mutane ba ya sanin inda zai tsaya, ranar da ya rasa abin kushewa mai shi zai kushe. In kuma aka kawo muku buhu, ku buɗe kafin ku ce kun karɓa.